Lens ɗaya ga kyamara biyu: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen zum na yau da kullum

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu ɗaukar hoto, musamman waɗanda ke riƙe da kyamarar dijital sannan suka gaji ko suka sayi tsohuwar kyamara mai fim, irin wadda sai an kai nagetif wanki kafin a ga hoto. Abin da suke nema shi ne lens ɗaya mai zum da zai wuni a jikin kyamara, a kwance shi daga wannan a ɗaura wa waccan ba tare da rigima ba. Akwai irinsa. Sai dai tsohuwar kyamarar ce ke yanke hukunci, ba sabuwar ba, kuma wanda ya fara da tambayar abin da sabuwar ke so shi ya fi saurin yin asarar kuɗi.

Lambobin nan na jikin lens, 24-105mm ko 28-70mm, me suke nufi?

Ƙaramar lambar tana gaya maka faɗin abin da lens zai kwaso, babbar kuma nisan da zai jawo. A fim mai faɗin 35mm, wanda kowane hoto a cikinsa milimita 36 ne da 24, lens mai 24mm yana ganin kusan digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, 28mm kusan 75, 50mm kusan 47, 105mm kuwa digiri 23 kacal. Da 24 za ka kwashe falo gaba ɗaya kana tsaye a bakin ƙofa. Da 105 za ka ɗauko fuskar mutum ɗaya daga cikin taro ba tare da ka matsa masa ba.

Ɗaya lambar, mai harafin f, ta ƙofar haske ce. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Idan ka ga f/4 ita kaɗai, to ƙofar ba ta canzawa duk yadda ka juya zum. Idan ka ga f/3.5-5.6, to kana jawo nesa ƙofar tana tsukewa.

To wane tsawo ne ya fi dacewa da aikin yau da kullum?

Wanda ya fara daga 24 ko 28, ya ƙare tsakanin 85 da 120. A cikin wannan tsakanin ne kusan duk hoton da mutum ke ɗauka a rana yake faɗowa: kasuwa, gini, yara a tsakar gida, taron suna, hoton mutum daga kafaɗa zuwa sama.

Mutane suna yawan zuba ido kan babbar lambar, alhali ƙaramar ta fi tasiri. Bambancin 105 da 120 da ƙyar ido zai gane shi, kuma taku biyu gaba ya cike gurbin. Amma bambancin 24 da 28 babba ne, domin a ɗakin amarya bango ne a bayanka, babu inda za ka ja. Tsofaffin zum na shekarun 1980 da suka fara daga 35mm, irin su 35-70 da 35-105, suna da araha kuma wasunsu da kaifi, amma a cikin ɗaki takura suke yi.

Faɗin ma yana da nasa sharrin. A 24mm, duk wanda ya tsaya a gefen hoto sai fuskarsa ta baje, kafaɗarsa ta yi faɗi. Ka jera ƙawayen amarya ranar kamu ka ɗauka a 24, ta ƙarshen layi ba za ta gode maka ba. Idan da fili, ka koma 35mm ka ja da baya.

Ina da 18-55mm da ya zo da kyamarata ta dijital. Zai hau kyamarar fim?

Kusan a ce a'a. An ƙera shi ne don ƙaramar sensa (sensa ita ce abin da ke karɓar hoto a dijital a madadin fim), wadda ake kira APS-C, don haka da'irar hoton da yake jefawa ba ta kai girman fim ba. Na Nikon, mai alamar DX, zai ɗauru, amma a faɗin zum za ka ga kusurwoyin hoto sun yi baƙi ƙirin. Na Canon, mai alamar EF-S, ba ya ma shiga: kamfanin ya ƙera bayansa yadda ba zai zauna a kyamarar fim ko babbar dijital ba, domin gindinsa ya shige ciki sosai har madubin da ke cikin kyamarar na iya bugunsa. Kada ka danna da ƙarfi.

Akasin haka kuwa yana yiwuwa. Lens ɗin da aka yi don fim yana hawa ƙaramar dijital lafiya lau, sai dai sensar tsakiyar hoton kawai take gani. A Nikon ka ninka lambar da 1.5, a Canon da 1.6. Ke nan 28-105 a kan ƙaramar Canon zai zama kamar 45-168, faɗin ya tafi ke nan. 24-105 zai zama kamar 38-168, da ɗan dama-dama. Wanda dijital ɗinsa mai ƙaramar sensa ce, ya sani cewa lens ɗaya ba zai ba shi faɗi a wuri biyu ba. Ya ajiye 18-55 ɗinsa a jaka don cikin ɗaki, tunda ba shi da wani nauyi. Wanda dijital ɗinsa mai cikakkiyar sensa ce, daidai da girman fim, irin su Canon 5D da 6D ko Nikon D700, D610 da D750, shi ne zai ci moriyar lens ɗaya ba ragi.

Canon nake riƙe da ita. Me zan nema?

Kai ne mai sauƙin lamari, in dai kyamarar fim ɗinka EOS ce. A 1987 Canon ta fito da sabon bakin lens, wato wurin da lens ke ɗaurewa a jikin kyamara, mai suna EF, wanda komai nasa da lantarki yake aiki, kuma ba ta sake canza shi ba a kyamarorinta masu madubi. Lens ɗin EF na Canon yana aiki a EOS ta fim ta shekarun 1990 kamar yadda yake yi a 5D Mark IV.

Zaɓina na farko shi ne EF 24-105mm f/4L IS USM, wanda ya fito a 2005, na biyunsa kuma a 2016. Na farkon nauyinsa giram 670, ƙofarsa ba ta tsukewa, yana da na'urar hana rawar hannu, kuma da yake an sayar da shi da yawa tare da kyamarori, na hannu ba ya wuyar samu. Idan aljihu bai kai ba, EF 28-105mm f/3.5-4.5 USM na 1992 ɗan ƙarami ne, yana kama fokas da sauri ba ƙara. A lura, akwai wani 28-105 mai f/4-5.6 da ya biyo baya, mai rahusar ƙira. Ba ɗaya ba ne, ka karanta lambar f kafin ka biya. Akwai kuma 28-135mm f/3.5-5.6 IS na 1998.

Amma idan tsohuwar taka AE-1 ce ko A-1, to bakinta FD ne, na kafin 1987, kuma ba shi da haɗi da EF. Babu lens ɗaya da zai yi maka aikin biyun yadda ya kamata a kyamara mai madubi.

Nikon fa? An ce bakinta bai taɓa canzawa ba tun 1959.

Ƙarfen bakin bai canza ba, gaskiya ne, amma hanyar da kyamara ke magana da lens ta canza sau da yawa. Shi ya sa za ka ga lens ya ɗauru, ya yi ƙas, sannan ya ƙi aiki. Harafin da ke bayan lambar f shi za ka duba.

Mai harafin D yana da zoben ƙofar haske a gindinsa, wanda ake juyawa da hannu. Shi ne ɗan kowa. A kyamarorin fim, yana hawa FM2, FE2 da F3 a yi fokas da hannu, yana hawa F100 da F5 ya yi fokas da kansa, haka a dijital irin D750 ko D850. Inda ya gaza: galibi ba shi da motar fokas a cikinsa, kyamara ce ke juya shi da wani ɗan sukuru. Kyamarorin jerin D3000 da D5000 ba su da wannan sukurun, don haka a kansu sai dai ka juya da hannunka.

Mai harafin G ba shi da zoben. F100, F80, F5 da F6 suna sarrafa ƙofarsa daga jikinsu, babu matsala. Amma ka ɗaura shi a FM2, ƙofar za ta maƙale a mafi ƙanƙantarta, kuma babu abin da za ka juya. Mai harafin E, kamar 24-70mm f/2.8E VR na 2015, lantarki ne ke tsuke ƙofarsa, kuma kyamarorin fim ba su san wannan yaren ba, sai ƙofar ta tsaya a wangale. Mai alamar AF-P shi ma ka bar wa dijital.

Saboda haka, mai FM2 ko F3 ya nemi AF 28-105mm f/3.5-4.5D, ko AF 24-85mm f/2.8-4D. Na farkon yana da ɗan maɓalli da ke ba shi damar matsowa kusa sosai, har abu ya fito rabin girmansa a fim, abin da zai yi wa mai ɗaukar zane na lalle ko aikin zare a wuyan riga daɗi. Mai F100 ko F80 kuwa ƙofa a buɗe take gare shi har zuwa 24-120mm f/4G VR na 2010.

Pentax da Minolta fa?

Bakin K na Pentax tun 1975 yake, amma tsohuwar kyamarar fim K1000 tana buƙatar lens mai zoben ƙofa, yawancin sababbin kuwa babu shi. Nemi tsofaffin F ko FA masu zobe. Lens ɗin Minolta masu fokas da kansu, na 1985 zuwa sama, suna hawa kyamarorin Sony masu bakin A, domin Sony ce ta gaji harkar a 2006.

Sabuwar kyamarata mara madubi ce. Zan iya sayen lens ɗinta in riƙa sa wa ta fim?

Ba za ka iya ba. Lens ɗin RF na Canon da Z na Nikon, waɗanda suka fito a 2018, da E na Sony, an yi su ne su zauna dab da sensa: milimita 20 a RF, 16 a Z, 18 a Sony. Kyamarar fim tana buƙatar 44 a EF ko 46.5 a Nikon F, saboda madubi na buƙatar wurin ɗagawa. Adafta tana iya ƙara tazara, ba ta iya rage ta.

Don haka sai ka sayi lens na tsohon baki, ka sa adafta a sabuwar kyamarar. EF a kan Canon R yana aiki sosai. A Nikon Z da adaftar FTZ, lens na G mai mota a cikinsa yana fokas da kansa, na D mara mota kuwa ba ya yi, saboda adaftar ba ta da sukurun nan. Mai FM2 da Z a lokaci guda dole ya haƙura da ɗaya: ko fokas da hannu a sabuwar, ko lens biyu.

f/2.8 ko f/4? Kowa na ce min in sayi 24-70 f/2.8.

Lens ne mai kyau, masu aikin biki ba a banza suke son shi ba. Amma ka ɗauke shi a hannu tukuna. Na Canon, ƙira ta biyu, giram 805 ne. Na Nikon mai G giram 900. Ka rataya shi a wuya tun daga ɗaurin aure har walimar dare, za ka san ka yi dako. Sannan ya tsaya a 70mm, inda hoton fuska bai gama daɗi ba.

Ga lissafin. Kowane mataki daga 2.8 zuwa 4, daga 4 zuwa 5.6, rabin haske ne ke tafiya. A ɗakin da f/2.8 ya ba ka saurin 1/60 na daƙiƙa, f/4 zai ba ka 1/30, f/5.6 kuma 1/15. A 1/60 mutumin da ke tsaye zai fito tas. A 1/15 ko kai ya juya, fuskar ta ɓaci.

A dijital wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske, daga 1600 zuwa 3200, ka maido abin da ka rasa, kuma kyamarorin shekarun nan suna jurewa. A fim babu wannan gatan. Idan ka sa Kodak Gold 200 ko Ilford HP5 mai 400, da shi za ka zauna har hoto 36 su ƙare. Ke nan fim ne ya fi jin zafin ƙaramar ƙofa.

Duk da haka, ka tambayi kanka inda kake ɗaukar fim. Yawancin mutane a waje suke ɗauka da rana, tunda kowane latsi kuɗi ne. Ranar ƙasarmu kuwa ba ta rowar haske: da tsakar rana, fim mai 200 zai ba ka f/16 a kusan 1/250. A nan zum mai f/5.6 ma ya yi yawa. Wanda sana'arsa ɗakin taro ce da dare, ya sayi 2.8. Wanda yawo yake yi da kyamara, f/4 mai tsawo zuwa 105 ya fi masa amfani, ni dai haka na gani.

Abu ɗaya da masu tsohuwar kyamarar hannu za su sani: ɗan da'irar nan da ke tsakiyar madubin leƙe, mai rabe biyu, wadda ake daidaita layi da ita don fokas, rabinta yana yin baƙi idan ƙofar lens ta kai wajen f/5.6. Sai ka yi ta karkata ido kana neman inda za ta haskaka. Wannan kaɗai ya isa dalilin da mai FM2 zai guji zum da ke ƙarewa a 5.6.

Na'urar hana rawa, IS ko VR, tana aiki a fim?

Idan a cikin lens take, tana yi. IS na Canon, wanda ya fara fitowa a 1995, yana aiki a kyamarorin EOS na fim. VR na Nikon yana aiki a F80, F100, F5 da F6, amma ba a FM2 da sa'o'inta ba. Idan kuwa a jikin kyamarar dijital take, inda sensa ce ke motsi, to fim bai samu komai ba.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin ɗauka ya gaza lambar tsawon lens: a 105mm, kada ka sauka ƙasa da 1/125. Da IS za ka iya sauka zuwa 1/30, wani lokaci ƙasa da haka. Sai dai rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da yaro mai gudu ko makaɗi mai kaɗa kalangu.

Me zai hana in sayi 28-300mm in huta gaba ɗaya?

Taura biyu ba ta taunuwa. Lens ɗin da ya ninka sama da sau goma dole ya sadaukar da wani abu: a ƙarshen zum ƙofarsa 5.6 ce ko 6.3, kaifin ya ragu, layuka sun lanƙwashe. A 300mm kana buƙatar saurin da bai gaza 1/300 ba, da la'asar sakaliya kuwa fim mai 200 ba zai ba ka ba. Ga nauyi: na Nikon giram 800 ne.

Na san abin da ke jan mutane. Ranar Hawan Daushe a Kano, kana can bayan jama'a a wajen Ƙofar Kudu, 105mm ba zai kawo maka fuskar mahayi ba. Amma hawa na 'yan kwanaki ne a shekara. Ka ari 70-200 ko 70-300 a ranar, maimakon ka yi ta dakon gilashin da ba ka buƙata duk shekara.

Me ya sa lens ɗin da ke da kyau a dijital ya fito da bango a lanƙwashe a fim?

Domin dijital tana rufa masa asiri. Kusan kowane zum yana kumbura layuka a faɗinsa, yana kuma duhunta kusurwa idan ƙofa a buɗe take. Kyamarar dijital ko manhajar gyaran hoto tana gane lens ɗin, ta miƙe layin, ta haska kusurwar, kai ba ka ma sani ba. Fim kuwa abin da gilashi ya ba shi, shi zai ajiye. Idan gini kake ɗauka, ka matsa daga 24 zuwa wajen 30 ko 35, ka tsuke ƙofa zuwa f/8, kuma kada ka sa ƙofa ko ginshiƙi a bakin gefen hoto.

Tamron da Sigma fa, a saya?

A saya, bayan an gwada. Tamron 28-75mm f/2.8 na 2003 ya yi suna saboda ya ba da 2.8 a giram 510 da kuɗi kaɗan. Matsalar ita ce waɗannan kamfanonin suna bin sawun yaren lantarkin masu kyamara ne, don haka wasu tsofaffin ƙirar shekarun 1990 sukan yi aiki a fim su ƙi a dijital, musamman a Canon. Ka je da kyamarorinka duka biyun.

Na hannu zan saya. Me zan duba?

Cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba ta da illa, kusan kowane tsohon zum yana da ita, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa, wannan fumfuna ce, tana cin fatar gilashin. Haka hazo da ya rufe gilashi ɗaya gaba ɗaya. Ka mayar masa da kayansa.

Juya zum daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko akwai wurin da yake cijewa ko yake ƙarar yashi. Kifa shi ƙasa: idan ya zazzago da kansa, tsufa ne, ba mutuwa ba, amma dalili ne na neman ragi. Duba zaren bakin gaba inda ake ɗaura filta. Idan ya lotsa, lens ɗin ya taɓa faɗuwa, komai mai shi zai rantse.

Sannan ka ɗaura shi a dijital, ka sa f/16, ka ɗauki hoto a faɗi, a tsakiya, da a ƙarshen zum. Akwai wata siririyar waya a ciki da ke lanƙwasa duk lokacin da aka juya zum, kuma idan ta fara tsinkewa, a wani wuri ɗaya na zum kyamara za ta rubuto kuskure, sauran wuraren lafiya lau. Wanda ya gwada a ƙofa wangale kawai ba zai gani ba. Ƙarshe, ka ɗauki bango mai rubutu daga nesa, ka faɗaɗa hoton ka kwatanta gefen dama da na hagu. Idan ɗaya ya fi ɗaya dushewa sosai, gilashi ya goce a ciki.

Ƙurar hunturu da laimar damina fa?

Zum ɗin da ke miƙewa yana komawa, iska yake zuƙa yana fesarwa kamar zugazugin maƙeri, kuma a cikin hazon Disamba da Janairu abin da yake zuƙa ba iska kaɗai ba ce. Lens masu zoben roba a gindi, irin na jerin L na Canon, sun fi jurewa, amma babu wanda ƙura ba ta shiga. Tunda kai kana sauya lens tsakanin kyamara biyu, ka riƙa yi a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa. Kada ka goge gilashi da gefen riga: ka hure ƙurar da ɗan famfon roba tukuna, in ba haka ba yashin ne zai karce shi. Filta mara launi a gaba tana da amfani a wannan lokacin, kuma 24-105 na Canon mai 77mm yake ɗauka.

Da damina, kada ka bar lens a rufe cikin jakar fata a ƙarƙashin gado. Sa shi a roba mai murfi tare da ƙunshin silika, irin ƙananan fakitin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa fito da shi yana ganin haske.

Idan na samu zum ɗin, shi ke nan ba na buƙatar wani?

Da rana, shi ke nan. Da dare kuwa ka ƙara ɗan 50mm f/1.8. Shi ne mafi araha a kusan kowane kamfani, na Canon giram 160 ne, yana shiga aljihun riga. Haskensa ya ninka na f/4 kusan sau biyar, don haka fim mai 400 da ya gaza a hannun zum bayan magariba zai ci gaba da aiki da shi. Mai Nikon ya sake duba harafin nan kafin ya biya: D don FM2 da F3, G don F100 da adaftar Z.